Filin Littattafai: Garin da Ake Ƙona Littafi



A wannan wata filin littattafai ya ɗauko wani littafi daga nesa, daga ƙasar Amurka. Sunansa Fahrenheit 451, ana faɗinsa Faranhait 451. Wani mutum mai suna Ray Bradbury ya rubuta shi da Ingilishi, aka buga shi a shekarar 1953. An juya shi cikin Faransanci a 1955.

Labarin da ke ciki ƙagagge ne, bai faru ba. Marubucin ya zauna ne ya yi tunani: in mutane suka ci gaba da tafiya yadda suke tafiya, ina za su kwana? Sai ya zana wani gari na zamani mai zuwa. Garin yana da motoci masu gudun tsiya da na'urori iri-iri, amma an hana karatun littafi cikinsa. Wanda ya koyi baƙaƙe da girmansa, bayan ya dawo daga gona ko daga kiwo a gajiye, shi ya fi cancanta ya ji labarin irin wannan gari.

Ma'anar sunan

Abin da ke fara ba mai karatu mamaki shi ne sunan. Faranhait ma'aunin zafi ne da ake aiki da shi a Amurka. An gaya wa marubucin cewa in zafi ya kai awo 451 a wannan ma'auni, takarda takan kama wuta. A ma'aunin da aka saba da shi a Nijar, wannan ya yi daidai da awo 233. Ruwa yana tafasa a awo 100. Zafin bazara a Tawa ko Damagaram yakan wuce 40. Ke nan sunan littafin yana nufin zafin da ke cinye takarda.

Masu kashe gobara sun koma masu tada ta

Kowa ya san aikin ƴan kwana-kwana: in gobara ta tashi, su zo da ruwa su kashe. A cikin wannan gari abin ya juye. An gina gidaje da kayan da wuta ba ta ci, saboda haka babu gobarar kashewa. Sai aka ba su sabon aiki. In aka tsegunta cewa wane yana ɓoye littafi, su zo da mota cikin dare. Tankin motar cike yake da kananzir. Su fesa wa littattafan, su cinna wuta, a kama mai gidan.

Babban mutumin labarin sunansa Montag. Shekarunsa 30, ya yi shekara 10 yana wannan aiki, kuma yana jin daɗinsa. Wani dare yana komawa gida, ya gamu da wata yarinya maƙwabciyarsu mai suna Kilaris, wadda ba ta cika shekara 17 ba. Ita ba irin sauran ba ce. Tana son yawo da ƙafa, da kallon wata, da ɗanɗana ruwan sama. A gidansu ana zama a yi hira da dare, abin da mutanen garin suka daɗe da bari. Ta tambaye shi ko gaskiya ne a da ƴan kwana-kwana kashe wuta suke yi. Ya yi dariya. Da za su rabu ta tambaye shi ko yana cikin farin ciki. Wannan ƴar tambaya ta tsaya masa a rai kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Da ya shiga gida ya tarar da matarsa Mildired kwance ba ta motsi. Ta shanye kwalbar maganin barci. Aka turo mutum biyu da na'ura, suka wanke mata ciki, suka sake mata jini. Ba likitoci ba ne. Sun gaya masa irin wannan aiki suna yin tara ko goma kowane dare. Da gari ya waye matar ba ta tuna kome ba, sai cewa ta yi tana jin yunwa.

Yadda Mildired ke zaman duniya shi ne yadda sauran mutanen garin ke yi. Bango uku na ɗakinta talabijin ne, daga ƙasa har sama. Mutanen da ke cikin talabijin ɗin su take kira danginta. Tana damun mijin ya saya mata bango na huɗu, alhali kuɗinsa ya kai kashi ɗaya cikin uku na albashinsa na shekara. In dare ya yi ta cusa ƴan ƙananan radiyo cikin kunnuwanta. Ran nan Montag ya tambaye ta inda suka fara haɗuwa. Ba ta tuna ba. Shi ma bai tuna ba.

Tsohuwa da ashana

Wurin da ya fi girgiza mai karatu shi ne labarin wata tsohuwa. An tsegunta ta, aka je gidanta. Littattafai maƙil. Aka watso su ƙasa, aka jiƙa su da kananzir. Aka ce ta fita, ta ƙi. Montag ya roƙe ta, ta ƙi. Sai ta buɗe hannu, ga tsinken ashana guda. Suka fita da gudu. Ita da kanta ta ƙyasta, ta ƙone tare da littattafanta.

Cikin wannan hargitsi Montag ya ɗauke littafi ɗaya ya ɓoye cikin rigarsa. Ya koma gida bai iya barci ba. Yana ta tunani: me ke cikin waɗannan takardu har mutum zai yarda ya mutu dominsu? Ashe da ma ya daɗe yana satar littafi ɗaiɗai yana ɓoyewa a wata kafar iska ta gidansa, har sun kai wajen 20, amma bai yi ƙarfin halin zama ya karanta su ba. A wannan dare kuma matarsa ta gaya masa mota ta kaɗe Kilaris ta mutu. Kwana huɗu ke nan da ta ji, amma ta manta ta faɗa masa.

Wa ya fara barin karatu?

Nan ne zuciyar littafin take. Mai karatu yana tsammanin za a ce wani azzalumin sarki ne ya tashi rana ɗaya ya hana karatu. Ba haka marubucin ya tsara ba.

Montag ya ce ba shi da lafiya, bai je aiki ba. Shugabansu, Kapitan Biti, ya zo gaishe shi. Biti mutum ne mai wayo, ya san abin da ke cikin littattafai ƙwarai, ya kuma gane abin da ke damun yaronsa. Ya zauna ya ba shi tarihin yadda abin ya faro.

Da farko mutane suka shiga gaggawa. Littafi mai tsawo ya yi masu nauyi, aka rage shi. Aka sake ragewa, har ya koma ƴan layuka. Hotuna da wasanni da gudun mota suka cika lokacin kowa. Lakwal ta rage koyar da tunani, ta koma koyar da danna na'ura. Daga nan kowane rukunin jama'a ya fara cewa littafi kaza ya ɓata masa rai, a kawar da shi. Wanda ya fi sauran karatu aka riƙa jin haushinsa. Sannu a hankali mutane suka bar littafi don kansu, ba wanda ya tilasta masu. Sai da aka kai nan hukuma ta shigo da doka da kananzir. Ta tarar an riga an yi mata rabin aikin.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanen garin su suka tsaga bangonsu.

Montag bai gamsu ba. Ya nemi wani tsohon malamin jami'a mai suna Feba, wanda aka rufe makarantarsu shekaru da yawa saboda rashin ɗalibai. Feba ya amsa laifinsa. Ya ce ya ga abin yana tafe tun da wuri, amma tsoro ya sa ya yi shiru. Ya nuna wa Montag cewa takarda da tawada ba su da wani asiri. Amfanin littafi yana ga abin da aka zuba cikinsa. Ya lissafa abubuwa uku da garin ya rasa. Na ɗaya, magana mai nauyi wadda ke nuna duniya yadda take, da daɗinta da ɗacinta. Na biyu, sararin zama a yi tunani kan abin da aka ji. Na uku, ikon yin aiki da abin da aka fahimta.

Mutanen da suka zama littattafai

Daga nan abubuwa suka rikice. Wata rana ƙawayen Mildired suka zo kallon talabijin. Montag ya ji hirarsu. Mijin ɗaya yana wurin yaƙi, ba ta damu ba. Wata ta ce ta zaɓi shugaban ƙasa don ya fi abokin takararsa kyaun fuska. Montag ya fusata, ya ɗauko littafi ya karanta masu waƙa. Ɗaya daga cikinsu ta fashe da kuka, ita kanta ba ta san dalili ba.

A daren nan ƙararrawa ta buga a wurin aiki. Suka hau mota suka tafi. Motar ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan Montag. Matarsa ce ta tsegunta shi. Ta fito da akwatinta, ta shiga motar haya, ba ta ko waiwaye shi ba. Biti ya tilasta masa ya ƙona gidansa da hannunsa. Bayan ya gama, Biti ya yi ta tsokanarsa, sai Montag ya juya bututun wutar kansa ya kashe shi.

Hukuma tana da wani karen ƙarfe mai ƙafa takwas. Yana bin ƙanshin jikin mutum, yana da allurar dafi a bakinsa. Aka saki irin wannan kare, jiragen sama masu saukar ungulu suna biye, ana nuna farautar a talabijin kowa yana kallo. Montag ya sa tufafin Feba don ya ɓad da ƙanshinsa, ya faɗa kogi, ruwa ya tafi da shi. Da hukuma ta ga ya kuɓuce, sai ta nemi wani bawan Allah mai yawo shi kaɗai a titi. Aka kashe shi gaban masu kallo, aka ce Montag ne. Jama'a suka yarda, domin ba su da wata hanyar sanin gaskiya sai abin da bango ya gaya masu.

A daji, kusa da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, Montag ya hangi wuta. Mutane ne zaune kewaye da ita suna jin ɗumi. Wannan ne karon farko da ya ga wuta tana amfanin mutum. Yawancinsu tsofaffin malamai ne, shugabansu sunansa Giranja. Ba su ɗauke da littafi ko ɗaya, don kada a kama su da shi. Kowanensu ya haddace littafi guda, ko wani yanki nasa, ya adana a ka. Irinsu suna da yawa, warwatse cikin ƙasa. Niyyarsu su koya wa ƴaƴansu da baki, har ranar da za a sake rubutawa. Montag ma ya tarar akwai wani yanki na Littafi Mai Tsarki na Kirista da ya zauna masa a ka.

Ba a jima ba yaƙi ya iso. Jirage suka jefa bam, garin ya zama toka. Da gari ya waye, mutanen dajin suka kama hanyar komawa, don su taimaki waɗanda suka tsira. Nan labarin ya tsaya.

Wannan wuri ba baƙo ba ne ga mai karatu na Maraɗi ko Damagaram. Ya san mahaddata Alƙur'ani, waɗanda ke iya zama su rubuta shi da ka tun daga farko har ƙarshe. Ya san tsofaffin da ke riƙe da tarihin gari da jerin sarakunansa. Abin da marubucin Amurka ya ɗauka a matsayin dabara ta ƙarshe, a nan tsohuwar al'ada ce.

Wane ne marubucin?

An haifi Ray Bradbury a 1920, ya rasu a 2012. Iyayensa ba masu hali ba ne, bai shiga jami'a ba. Da ya gama makarantar sakandare ya yi tallar jarida a bakin titi a birnin Los Anjeles. Sauran iliminsa a ɗakin karatu na gari ya samo shi, inda ake aron littafi kyauta. A gida ƴaƴansa ƙanana suna hana shi aiki. Sai ya samu wani ɗaki a ƙarƙashin ɗakin karatu na wata jami'a, inda ake hayar keken rubutu, santi 10 kowane rabin awa. Cikin kwana 9 ya gama rubutun farko. Abin da ya kashe duka dalar Amurka 9 ne da santi 80. Wannan gajeren labari ya fito a 1951, daga baya ya faɗaɗa shi ya zama littafi. A 1966 wani Bafaranshe mai suna François Truffaut ya mai da shi sinima.

An taɓa yi da gaske

Labarin ƙagagge ne, amma ƙona littafi ba ƙage ba ne. Ran 10 ga watan Mayu na 1933, zamanin mulkin Hitila, ɗalibai suka tara littattafai wajen 20,000 a wani dandali na birnin Balin, ƙasar Jamus, suka cinna masu wuta. Marubucin yana yaro lokacin, abin kuma ya tsaya masa a rai.

Kusa da gida ma an gani. A watan Janairu na 2013, ƴan bindigar da suka mamaye Tumbutu ta ƙasar Mali suka ƙona tsofaffin littattafan rubutun hannu a cibiyar Ahmad Baba kafin su fice. Wajen 4,000 aka rasa. Amma mafi yawa sun tsira. Tun kafin ranar, wani mai kula da littattafai, Abdulƙadir Haidara, da mutanen gari sun yi ta zuba su cikin akwatunan ƙarfe a ɓoye. Aka kai su Bamako, wasu cikin mota, wasu cikin kwalekwale ta kogin nan da ya ratsa Yamai. Sun sa ransu cikin hatsari saboda takarda, kamar tsohuwar nan ta cikin labari.

Inda za a yi gardama

Littafin ba shi da kauri, amma farkonsa yana da ɗan wuya. Marubucin yana son kwatance da yawa, wani lokaci sai an maimaita layi kafin a gane. Mai karatu zai kuma ji haushin yadda aka kawar da Kilaris da wuri, alhali ita ce ta tada Montag daga barci.

Manomi yana iya cewa an matsa wa radiyo da talabijin da yawa. Yana da hujja. Radiyo ke faɗa masa labarin damina, da farashin hatsi da wake, da ranar allurar bisashe. Littafin ma bai musa wannan ba, domin Feba ya ce abin kirkin da ke cikin littafi ana iya zuba shi cikin radiyo da talabijin, in an so. Bambancin shi ne, maganar radiyo in ta wuce ta wuce. Takarda kuwa tana jira. Mai ita zai rufe ta, ya yi tunani, ya nuna wa maƙwabci, ya koma ya sake dubawa, ya ce wannan gaskiya ne, wannan kuwa da sauran magana.

Wani abin mamaki kuma, a 1953 talabijin ɗan akwati ne ƙarami. Yau ga manya masu faɗi manne a bango. Ga salula a aljihun matasa har cikin ƙauye, ga ƴan abubuwan nan cikin kunnuwansu. A dandali akan ga samari biyar zaune kan tabarma ɗaya, ba mai magana da wani.

Gara ta fi wuta ɓarna

A karkara ba mai zuwa da kananzir ya ƙona littafin kowa. Abin da ke faruwa ya fi wannan sauƙi. Mutum ya yi rani guda yana zuwa cibiyar yaƙi da jahilci. Ya iya baƙaƙe, ya iya lissafi, aka ba shi takardar shaida. Damina ta faɗi, ya soke littafinsa a jinka. Kaka ta zo, ya tafi cin rani. Bayan shekara biyu ya ɗauko littafin, gara ta ci rabi. Rabin da ya saura kuwa, baƙaƙen sun zama baƙi a idonsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Haka karatu yake.

Ranar da zai gane asarar tana zuwa. Ranar awo ce, da za a rubuta nauyin buhunsa bai iya dubawa ba. Ko ranar da zai ba saniya magani, bai san adadin da aka rubuta jikin kwalba ba. Ko ranar da za a miƙo masa takardar gona a ce ya dangwala yatsa. A ranar ya zama kamar mutanen garin Montag: abin da aka gaya masa shi ne gaskiya, ba shi da hanyar bincike.

Maganin ba shi da tsada. Wanda ya iya karatu ya karanta ko layi biyar ne kowace rana, ko da damina. In jarida ta iso, a karanta ta da ƙarfi a dandali, a tsaya a yi muhawara kan abin da ta ce. Mai gida ya rubuta tiya nawa ya shuka, dami nawa ya samu, nawa ya sa a rumbu. Makiyayi ya rubuta ranar da aka yi wa bisashensa allura. Mata su rubuta kuɗin adashinsu da hannunsu. Littafi da jarida a sa su cikin akwatin ƙarfe ko tukunya mai murfi, nesa da gara da yoyon ɗaki. Wanda ke da tsoho a gida ya zauna kusa da shi da alƙalami, ya rubuta tarihin gari da sunayen rijiyoyi da burtalai, tun tsohon yana da rai. Ko mutanen dajin nan na cikin labari, burinsu shi ne ranar da abin da ke kansu zai koma kan takarda.

Inda aka samu littafin da Faransanci, mushen lakwal ko ɗan makarantar da ya zo hutu yana iya karanta shi kaɗan-kaɗan da dare, yana juya wa jama'a cikin Hausa. In an kai wurin tsohuwa da ashana, a dakata a tambayi kowa: da shi ne aka ba zaɓin littafi ɗaya ya haddace don jikokinsa, bayan littafin addini, wanne zai ɗauka?

Sai wata mai kamawa, in Allah ya yarda.